Super Mario World ko Donkey Kong Country 2: wanne mai farautar ɓoyayyun abubuwa zai ɗauka?

Wasanni biyu ne na na'ura ɗaya, Super Nintendo, kuma shekara biyar ce a tsakaninsu. Super Mario World ya fito a Japan ranar 21 ga Nuwamba 1990, rana ɗaya da na'urar kanta. Donkey Kong Country 2 kuwa sai ƙarshen 1995 ya iso, lokacin da na'urar ta fara tsufa, PlayStation ta riga ta shigo kasuwa. Dukansu wasan tsalle-tsalle ne: ka taso daga hagu ka nufi dama, ka tsallake rami, ka dira a kan abokin gaba. Dukansu kuma sun yi suna wajen ɓoye-ɓoye, shi ya sa idan mutum ya ce yana neman tsohon gem da zai zauna yana tono asirinsa, waɗannan biyun ake fara miƙa masa. Amma ba abu iri ɗaya suke ɓoyewa ba, kuma wanda bai san haka ba zai iya ƙarar da makonni a kan wanda ba shi yake nema ba. Mario hanyoyi yake ɓoyewa. Biran Donkey Kong Country 2 kuwa baƙi daga wasu wasanni suke ɓoyewa, da gugar zana ga abokan hamayya.

Abin da Mario ya binne a taswira

Tun daga taswira Super Mario World yake yi maka hannunka mai sanda. Kowane mataki ɗigo ne a kan taswirar. Idan ɗigon ruwan ɗorawa ne, ƙofar fita ɗaya gare shi. Idan ja ne, akwai ta biyu a ɓoye, wadda galibi makulli ne da raminsa aka ajiye a inda ido ba ya saurin kaiwa. Jimillar ƙofofin fita a wasan 96 ne, kuma kaset ɗin yana rubuta maka adadin da ka samu a gefen sunan ajiyarka. Gidajen fatalwa ne kawai ba sa nuna launi, su sai ka yi zargi da kanka.

Abin da ya sa wannan tsari ya yi daɗi shi ne ladan da ake ba ka ba kwalliya ba ce, abu ne da zai sauya yadda kake buga wasan. Ɗauki gidan fatalwa na Donut Plains. Idan ka shiga da alkyabbar tashi, ka yi gudu ka tashi sama ta ɓangaren hagu tun daga farkon ɗakin, za ka tarar da wani dandamali a can sama da zai kai ka wata ƙofa dabam. Ita ce ke buɗe Top Secret Area, ɗan fili mara abokin gaba ko ɗaya, mai akwatuna biyar: furen wuta biyu, gashin tsuntsu biyu masu ba da alkyabba, da ƙwan Yoshi, dabbar da Mario ke hawa, a tsakiya. Ka shiga sau nawa ka ga dama. Daga ranar da ka gano wurin nan, wahalar wasan ta ragu sosai, don duk matakin da ya tsiyata ka sai ka koma ka yi sabon shiri.

Akwai kuma Star World, matakai biyar da ke haɗe sassan taswirar ta sama. Wanda ya san hanya zai bi ta makullin Donut Plains 1, ya nutsa Donut Secret 1, ya ratsa Donut Secret House, ya hau hanyar taurari, ya ɓulla a ƙofar gidan Bowser, babban abokin gaban Mario, bayan ƙofofi 11 kacal. Masu gasar gama wasa da sauri har rukuni na musamman suka ware wa wannan hanya. Taswirar tamkar lungunan tsohon birni take: baƙo ya bi titi ya sha zagaye, ɗan unguwa ya kutsa ta bayan gidaje ya riga shi isa.

Wasu asiran ma ba na zaɓi ba ne. A dajin Forest of Illusion, idan ka dinga fita ta ƙofar da kowa ke gani, zagaye kawai za ka yi ta yi, sai ka nemo makullin mataki na uku kafin hanyar gidan Roy, ɗaya daga cikin yaran Bowser, ta buɗe. Chocolate Island 3 shi ma haka, ƙofar fili tana maido ka inda ka taso. Chocolate Island 2 kuwa ya fi su rainin hankali, domin fasalin matakin yana sauyawa gwargwadon sulallan da ka tara da lokacin da ya rage maka. Sai Cheese Bridge Area, inda dole ka bi ta ƙarƙashin sandar gamawa, ka wuce ta ba tare da ka taɓa ta ba, don ka kai ta biyu da ke bayanta. Yawancin mutane da Yoshi suke yi: su sauko ƙasa da dandamalin, su yi tsalle daga bayansa, su bar shi ya faɗa rami. Ba a taɓa yi wa abokin tafiya butulci irin wannan ba, amma haka ake buɗe Soda Lake.

To ina baƙin? A nan ne Mario yake da ɗan rowa. Ishararsa kusan duk ta cikin gida ce, dangi ne ke gaisawa da dangi. Jirgin da ya nitse a bakin kwarin Bowser, wato Sunken Ghost Ship, littafin da ke zuwa tare da kaset ya danganta shi da jiragen sama na yaƙi da yaran Bowser suka yi amfani da su a Super Mario Bros. 3. Ninji da Pokey, baƙin ɗan tsalle da doguwar ƙaya mai gaɓa-gaɓa, daga Super Mario Bros. 2 na Amurka da Turai suka zo, kuma shi wannan wasan asalinsa wani gem ne na Japan mai suna Doki Doki Panic na 1987 da aka sauya wa jarumai. Wato ko su ɗin ma agololi ne a gidan Mario, zama ne ya mayar da su 'yan gida.

Inda isharar ta fi taruwa shi ne Special Zone, matakai takwas masu tsanani da ke buɗewa bayan ka samu makullin Star World 5. A saman taswirar wurin akwai tambarin Super Famicom mai launi huɗu, wato sunan na'urar a Japan. Idan ka ajiye madannin hannu ka ƙyale Mario a tsaye kamar minti biyu, kiɗan taswirar zai juya ya shigo da sanannen kiɗan Super Mario Bros. na 1985, wanda shi dai Koji Kondo ɗin ne ya tsara duka biyun. Babu wanda zai gaya maka ka jira. Sai wanda ya tashi shan ruwa ko amsa kira ya dawo ya tarar da shi. A ƙarshen mataki na takwas, Funky, an jera sulalla sun rubuta saƙon yabo cewa kai babban gwani ne. Daga nan duniyar wasan take sauya kama: taswira ta koma launin kaka, kunkurai su sa fuskar Mario a madadin ƙoƙon bayansu, furannin nan masu haƙora su zama kabewa, harsasai masu ido su rikiɗe su zama Pidgit, baƙin tsuntsun Super Mario Bros. 2.

Isharar da ta fita waje a sunaye take, kuma ba daga Japan ta zo ba, ofishin Nintendo na Amurka ne ya raɗa. Yaran Bowser sun samu sunayensu tun a wasan da ya gabata: Ludwig daga Beethoven, Iggy daga Iggy Pop, Lemmy daga mawaƙin ƙungiyar Motörhead, Roy daga Roy Orbison, Wendy O. daga Wendy O. Williams. Dabbobin nan huɗu masu ƙaho da ke juyawa a kan ƙafar ƙarfe a cikin ganuwa, Reznor, sunan mawaƙi Trent Reznor suka ci. Abin sha'awa ne idan ka sani, amma ba abin da za ka tono da hannunka ba ne. Karantawa ake yi.

Tsohon biri mai baƙin baki

Donkey Kong Country 2 ba a Kyoto, hedkwatar Nintendo, aka yi shi ba. Kamfanin Rare ne ya yi shi, wanda 'yan uwa biyu Tim da Chris Stamper suka kafa, a ƙauyen Twycross na Ingila, kuma barkwancin mutanen wurin ya cika wasan: zolaya da fuska a murtuke. Duk wannan zolaya a bakin mutum ɗaya aka sa ta, Cranky Kong. Shi kansa ishara ce mai tafiya da sanda, domin an nuna cewa shi ne ainihin Donkey Kong na wasan 1981, wanda ya dinga jifan Mario da ganguna daga saman ƙarafa. Yanzu ya tsufa, gemu ya yi fari, ba shi da aiki sai mita: yaran zamani ba su iya komai ba, a zamaninsa da rai ɗaya ake gama wasa, waɗannan hotuna masu ƙyalli duk ɓata kuɗi ne. Kamfani ne yake zagin kayansa da bakin kakan jaruminsa. Mario bai taɓa yin irin wannan ba.

Shagonsa, Monkey Museum, wuri ne da ya kamata ka tsaya ka ƙare wa bango kallo kafin ka sayi shawara. A cikin tarkacen akwai akwatin wasan Killer Instinct, gem ɗin faɗa da Rare ta yi a 1994, da hoton Chief Thunder, ɗaya daga cikin mayaƙansa, sai kayayyakin da suka rage daga Donkey Kong Country na farko. A makarantar matarsa Wrinkly, inda ake ajiye wasa, duba lissafin da ke kan allo: duk kuskure ne, don ɗalibanta kadoji ne. Ita kanta duniyar farko, Gangplank Galleon, jirgin ruwan da aka yi faɗan ƙarshe a kansa ne a wasan 1994, wato daga inda aka tsaya aka tashi. A mataki na farko, kafin ka nufi dama kamar yadda hannu ya saba, shiga ɗakin kyaftin: akwai wasiƙar izgili da K. Rool, sarkin kadoji, ya bari bayan ya sace Donkey Kong, da balan-balan ta ƙarin rai. Can a ƙarshe, cikin jirgin samansa, abin tuƙin da ke bayansa ƙaton madannin Super Nintendo ne.

Amma abin da ya sa har gobe ake maganar wannan wasa idan aka zo batun baƙi shi ne allon da ke fitowa bayan ka kayar da K. Rool a jirgin saman. Cranky ya ɓoye manyan sulalla 40 masu tambarin DK a faɗin wasan, ya ce da su zai auna ko Diddy, ƙaramin birin da kake bugawa da shi, ya isa a kira shi jarumi. Sai a nuna dandamali mai hawa uku. Mario na tsaye a sama da sulalla 39, Yoshi na biye da 29, Link na wasan Zelda na uku da 19. Dukansu an sake zana su da irin na'urorin Silicon Graphics da Rare ta yi biran da su, don haka ka ga Mario da wani irin sheƙi da ba ka saba gani ba. Diddy zai hau matsayin da adadinsa ya kai shi. Idan bai kai na Link ba, ba zai hau dandamalin ba, a ƙasa kuma akwai kwandon shara mai allo da aka rubuta No Hopers, wato waɗanda ba su da wani kataɓus. A gefen kwandon an yar da jajayen takalma da wata bindiga. Takalman na Sonic ne, jarumin kamfanin Sega, abokin hamayyar Nintendo. Bindigar ta Earthworm Jim ce, tsutsar nan mai rigar ƙarfe da ta fito a 1994.

Sai ka san zamanin kafin habaicin ya shige ka. Tun farkon shekarun 1990 Sega take tallar cin fuska a Amurka, tana cewa na'urarta Genesis, wadda wasu ƙasashe suka sani da Mega Drive, tana yin abin da Nintendo ba ta iyawa. Sonic, wanda ya fito a 1991, an ƙera shi ne don ya nuna Mario a matsayin tsoho mai nawa. Masu Earthworm Jim su ma ba su zauna lafiya ba, a bugunsu na musamman na Sega CD akwai lambar sirri da ke sa wa tsutsar kan Donkey Kong da kibiya a soke. Rare ta rama ba tare da ta ambaci sunan kowa ba, takalmi da bindiga kawai ta ajiye a bola. Abin dariyar shi ne wanda zai ƙwace kasuwar daga hannunsu duka, PlayStation, ba a ko kula shi ba a allon. Sega ta daina ƙera na'ura a 2001, Microsoft ta sayi Rare a 2002, a 2007 kuma sai ga Mario da Sonic a gem ɗaya suna gasar Olamfik.

Lura kuma da lissafin da aka yi. An ba Mario 39 ne da gangan. Ba za ka ture shi daga sama ba sai ka haɗa duka 40, kuma na arba'in ɗin yana hannun K. Rool a faɗa na biyu, cikin ɓoyayyar duniyar Lost World. Ita kuwa ba a shigarta kyauta. Wani ƙaton kada mai kulki, Klubba, yana tsaye a bakin gada yana karɓar Kremkoin 15, sulallan da ake samu a ɗakunan sirri da hannun manyan dodanni, a kan kowane mataki, matakan biyar ne, kuma Kremkoin ɗin da ke cikin wasan gaba ɗaya 75 ne. Babu rara ko ɗaya. Kowane ɗakin sirri sai ka gano shi kuma ka ci jarrabawarsa, kowane babban dodo sai ka kayar. Idan ka zaɓi yin faɗa da Klubba maimakon biya, kulki ɗaya zai yi maka ka tsinci kanka a taswira. Wanda ya kammala komai zai ga an rubuta masa kashi 102 cikin ɗari, wanda shi ma wata zolayar ce.

Har lambobin sirrinsa ba su tsira daga bakin Cranky ba. A allon zaɓen yanayin wasa na sabuwar ajiya, idan ka sauka kan zaɓi na ƙarshe ka ci gaba da danna ƙasa sau biyar, wurin sauraron kiɗa zai fito. Sau biyar kuma, wurin shigar da lambobi. Danna Y, A, Select, A, ƙasa, hagu, A, ƙasa, ka samu rai 50. Haruffan farko na waɗannan madannai a Turanci suna haɗa jumlar da ke kiran ka abin tausayi. An ba ka taimako an haɗa maka da gori. Wata lambar, B, A, dama, dama, A, hagu, A, X, gangunan DK take kwashewa daga matakai, don wanda wahalar asali ba ta ishe shi ba.

Nawa za ka biya kafin ka gani

A nan zaɓin yake yankewa ga mutane da yawa, ba a yawan baƙi ba. Super Mario World yana da sassauci. Takashi Tezuka da Shigeru Miyamoto sun tsara shi ne don wanda ya sayi sabuwar na'ura, yaro ko babba. Alkyabba tana ba ka damar sauka a hankali, Yoshi yana ɗauke maka bugu ɗaya, gidajen madanni huɗu masu launi suna cike ramuka da tubala idan ka nemo su, rai kuma yana taruwa har ka daina ƙirgawa. Matakin da ka riga ka ci, kana iya fita daga cikinsa da Start da Select. Wahalar gaske an killace ta a Special Zone, musamman Tubular, inda Mario yake kumbura kamar balan-balan yana shawagi a kan rami mara ƙasa, ana jifansa ta ko'ina. Ba dole ka je can ba kafin ka ga ƙarshen labari.

Donkey Kong Country 2 ba ya lallashi. Birai biyu gare ka, Diddy da Dixie, kowane bugu yana ɗauke ɗaya. Duniya biyu na farko suna da sauƙi, har da gangunan sirri da ke tsallakar da kai zuwa ƙarshen mataki. Daga Krem Quay zuwa sama kuwa sai ka daure. Matakan sarƙaƙƙiyar ƙaya, inda ganga ke harba ka zuwa ganga, kuskuren ƙiftawar ido yana kashewa. Toxic Tower guba ce ke biyo ka daga ƙasa. Animal Antics, a Lost World, yana sa ka tuƙa aku a tsakanin ƙayoyi alhali iska tana tura ka hagu da dama, kuma mutane da yawa a nan suka ajiye wasan. Daɗin daɗawa, ajiye wasa a wurin Wrinkly kyauta ne karon farko, bayan haka sai ka biya sulallan ayaba biyu, kuma a kaset na asali idan ka kashe na'ura, rayukanka da sulallan ayabarka ba sa dawowa. Abin da ke rage zafin shi ne kiɗan David Wise. Matakan ƙayar da suka fi kashe mutum su aka ba kiɗa mafi sanyi, kuma ina zargin da gangan ne.

Ta fuskar adalci wajen nuna hanya, kowanne yana da salonsa. Mario yana gaya maka akwai asiri tun kafin ka shiga, ta jan ɗigo. Biran sai bayan ka gama suke gaya maka: alamar motsin rai tana bayyana a gaban sunan mataki idan ka gano duk ɗakunansa, tambarin DK kuma idan ka ɗauki babban sulai. A cikin matakin, ayaba ce jagora. Duk inda ka ga ayaba guda ɗaya tilo a wurin da bai dace ba, a jikin bango ko a bakin rami, akwai magana. Wani lokacin sai biri ɗaya ya ɗauki ɗaya a kafaɗa ya wurga shi sama, wani lokacin sai karkanda Rambi ya fasa bango, ko gizo-gizo Squitter ya saƙa maka matakala. Wannan ya fi na wasan farko na 1994 tsari nesa ba kusa ba, inda wasu ɗakunan sai dai ka faɗa rami da ka a kan sa'a. Duk da haka akwai sulallan DK biyu-uku da sai ka sayi shawarar Cranky, shi kuma da karin magana yake ba da ita.

Akwai wani bambanci da ba a cika faɗa ba. Baƙin Donkey Kong Country 2 hoto ne. Dandamalin jarumai, takalman Sonic, akwatin Killer Instinct, duk kana iya ganinsu a intanet cikin minti ɗaya, kuma ka samu mafi yawan daɗinsu. Asiran Mario ba sa ɗaukuwa a hoto. Sanin cewa akwai ƙofa a bayan sandar Cheese Bridge ba ya ba ka komai sai ka kai kanka can da yatsunka. Ta wannan fuska, wanda ya riga ya karanta duk abin da ke sama ya ɗan rage wa kansa ladan biran, amma bai rage na Mario ba. Abin da ya rage wa biran shi ne ture Mario daga dandamali da guminka, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wane bugu

Wannan yana da muhimmanci ga mai neman baƙi. Dukansu an sake fitar da su a ƙaramar na'urar hannu Game Boy Advance, Mario a ƙarshen 2001 a Japan da 2002 a sauran ƙasashe, biran a 2004. A bugun biran na 2004 an kwashe takalman Sonic da bindigar Jim, an kuma ƙara yawan sulallan DK, don haka wanda gugar zanar ta kawo shi ya nemi bugun Super Nintendo. A bugun Mario na ƙaramar na'urar, sauyin launin kaka ba ya zuwa da gama Special Zone kawai, sai ka haɗa ƙofofi 96 cif.

Ƙaramar na'urar Super NES Classic ta 2017 mai wasanni 21 tana ɗauke da Super Mario World da Donkey Kong Country na farko, amma babu na biyu a ciki. Mutane suna ruɗewa a nan. A Nintendo Switch kuwa duka biyun suna cikin wasannin Super Nintendo na masu biyan kuɗin Nintendo Switch Online, Mario tun Satumba 2019, biran tun Satumba 2020. Can akwai damar ajiye wasa a ko'ina da mayar da lokaci baya idan ka faɗa rami, abin da ke cire wa Donkey Kong Country 2 rabin haƙoransa. Cranky zai yi tsaki, amma da shi Animal Antics ya zama abin da mai aiki da iyali zai iya gamawa. Kowanne ka zaɓa, nemi madannin hannu na gaske. Tashi da alkyabba da harbin ganga duka suna buƙatar yatsa ya ji madanni a ƙarƙashinsa, gilashin waya ba ya ba da wannan.

Idan ba ka taɓa gama wasan tsalle-tsalle ba, ko kuma da yara za ku dinga karɓa-karɓa, ɗauki Super Mario World. Asiri na farko zai zo maka tun a duniya ta biyu, kuma kowane wanda ka tono zai sauƙaƙa maka na gaba. Haka ma wanda abin da ke burge shi shi ne gano hanyar da ba kowa ya sani ba. Idan kuwa tambayarka ita ce a wane wasa zan ga fuskokin da ba na gidan ba, wa aka zolaya, wa aka jefa a shara, babu gardama, Donkey Kong Country 2 ne, kuma ni ma shi nake ɗauka, da sharaɗin bugun Super Nintendo ne kuma akwai damar ajiyewa a ko'ina. Mario ba shi da abin da ya kama ƙafar allon dandamalin nan.

Wanda ya gama biran bai ƙoshi ba, na uku na 1996 ya ci gaba da ɗabi'ar, ko da yake bakinsa bai kai na biyu kaifi ba. A kogon da ake ajiye wasa, wani lokaci za ka tarar da Wrinkly ta duƙufa a kan Nintendo 64, kiɗan fadar Super Mario 64 yana tashi. A shagon beyar nan Bazaar kuma, idan ka tambaye shi labarin wata fada ka ƙi biyan kuɗin bayani, zai ba ka labarin wani yaro mai suna Link da ya zo makon jiya da irin tambayarka, ya biya da kuɗin ƙasarsu.